Isnadin Shekarun Daulolin Ƙasar Hindu

A wajen shekara ta 1030 ta Miladiyya, Abu Raihan al-Biruni, malamin nan na Huwarizmi wanda Sarki Mahmudu ya kwaso zuwa Gazna bayan ya ci ƙasarsu, ya kammala babban littafinsa a kan ƙasar Hindu, wanda ake taƙaita sunansa da Tahƙiƙu ma lil-Hind, bayan ya yi shekaru yana koyon harshen Sanskrit yana kuma zama da malaman ƙasar. A cikinsa ya yaba musu da zurfin hisabi da sanin tafiyar taurari, amma ya yi kuka da su a kan al'amari guda, watau ba su kula da jeranta abubuwa bisa lokutansu ba, kuma idan aka matsa musu da tambayar wane sarki ne ya gaji wane, suka rasa amsa, sai su koma ga hikaya. To, ga shi yau duk wanda ya buɗe littafin makaranta zai tarar da daulolin ƙasar a jere, kowace da shekararta a gefe: Maurya 321 kafin Miladiyya, Gupta 320 bayanta, Harsha 606, sarakunan Delhi 1206, Mugal 1526. Abin da ya kamata a tambaya shi ne daga ina waɗannan shekaru suka fito, kuma wane gwargwadon amana suka cancanta. Gama shekara a tarihi ruwaya ce mai isnadi kamar kowace ruwaya, akwai ingantacciya, akwai mai kyau, akwai mai rauni, kuma ba adalci ba ne a jera wa ɗalibi su a sahu ɗaya ba tare da an gaya masa darajar kowace ba.

Mafarin labarin ba shi da sarki ko ɗaya da za a kira sunansa. Biranen kwarin kogin Indus, irin su Harappa da Mohenjo-daro, waɗanda aka fara tonawa a 1921 da 1922, sun bunƙasa ne tsakanin wajen 2600 da 1900 kafin Miladiyya, amma wannan ƙididdiga daga awon gawayi ta fito, da kuma hatimansu da aka tsinta a kufan tsofaffin biranen Iraƙi, domin rubutunsu har yau bai karantu ba. Waƙoƙin Veda kuwa da ka aka riƙe su tsawon ƙarnoni, kuma shekarun da ake ba mafi tsufansu, wajen 1500 zuwa 1200, ƙiyasi ne da aka yi daga tsufan harshensu.

Kukan al-Biruni yana da gaskiya, amma ba ya da ita duka. Mutanen Indiya sun ajiye jerin sarakunansu a cikin littattafan da suke kira Purana, inda aka zayyana gidajen sarauta da tsawon mulkin kowane, har aka ce Maurya sun yi shekara 137, Shunga 112, Kanva 45. Illar wannan jeri biyu ce. Ta farko, ba a ɗaure shi da wata shekara sananniya ba, tsawo kawai yake faɗa. Wanda ya san Tarihin Kano, mai faɗin shekarun da kowane sarki ya yi bisa gado tun daga Bagauda ba tare da faɗin shekarar hawansa ba, har sai da aka ƙirgo baya daga zamanin da aka sani kafin a sami 999, ya san irin wannan aiki da hatsarin da ke cikinsa. Illa ta biyu ta fi muni, domin masu kwafa sun yi ƙari da ragi, kuma sau da yawa gidajen da suka yi zamani tare a larduna dabam-dabam an jera su kamar wannan ya bi bayan wancan. Dubi gidan Satavahana na ƙasar Dekan: wata Purana ta ba su sarakuna 30 da shekara wajen 460, wata kuma ta ba su ƙasa da sarakuna 20 da shekara 300, shi ya sa masana suka daɗe suna saɓani a kan ko a ƙarni na uku kafin Miladiyya suka taso ko kuwa a na ɗaya, kafin shaidar tsabar kuɗi da rubutun duwatsu ta rinjayar da magana ta biyun.

Turken da aka ɗaure dukan lissafin a jikinsa daga waje ya zo. Iskandar na Makidoniya ya ƙetare kogin Indus a 326 kafin Miladiyya, ya yaƙi sarki Porus a bakin kogin Jhelum, rundunarsa ta ƙi wucewa gaba da kogin Beas, ya juya, ya mutu a Babila a 323. Kuma marubutan Yunanawa, waɗanda shekarunsu tabbatattu ne, sun ce ba da daɗewa ba wani mai suna Sandrokottos ya mallaki ƙasar, ya yi sulhu da Seleukus magajin Iskandar a wajen 303, ya ba shi giwaye 500, Seleukus kuma ya aika masa da jakada mai suna Megasthenes zuwa birninsa Palibothra. Wannan suna ya yi kusan shekara dubu biyu kwance a littattafan Turai ba a san ko wane ne ba, har 1793, sa'ad da William Jones, alƙali a Kalkata, wanda ya kafa Jam'iyyar Nazarin Asiya a 1784, ya bayyana cewa Sandrokottos shi ne Chandragupta Maurya na Purana, Palibothra kuwa ita ce Pataliputra, Patna ta yau. Da wannan haɗi ɗaya jerin da ke shawagi ya sami wurin tsayawa, aka ƙirga gaba, aka ƙirga baya.

Da a ce kamannin suna ne kaɗai hujja, da ruwayar ta tsaya a matsayin zato mai ƙarfi, amma sai jikan Chandragupta ya zo da shaida ta biyu da bakinsa. Akwai ginshiƙai da duwatsu warwatse a Indiya masu ɗauke da wani rubutu da ilminsa ya ɓace tun da daɗewa, har ma a ƙarni na 14, da Sarki Firuz Shah Tugluk ya sa aka ɗauko ɗaya daga Topra bisa amalanke mai ƙafa 42, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Delhi, ya tara malaman ƙasar su karanta masa, ba wanda ya iya. A 1837 James Prinsep, ma'aikaci a gidan buga kuɗi na Kalkata, ya warware haruffan, sai ga wani sarki yana magana, yana kiran kansa Piyadasi. George Turnour, da ke nazarin tarihin tsibirin Silan, watau Siri Lanka, ya nuna cewa laƙabin Ashoka ne, kuma a 1915 aka sami dutse a Maski mai ɗauke da sunan Ashoka ƙarara. A cikin umarninsa na 13 sarkin ya faɗi nadamarsa a kan yaƙin Kalinga, wanda ya yi shekara takwas bayan naɗinsa, inda aka kashe mutum 100,000 aka kwashe 150,000, sa'an nan ya ambaci sarakuna biyar na yamma da saƙonsa ya kai gare su: Antiyokus na Sham, da Batalimus na Masar, da Antigonus na Makidoniya, da Magas na gabar Libiya, da wani Iskandar. Shekarun da waɗannan biyar suka yi zamani tare kaɗan ne, a tsakiyar ƙarni na uku kafin Miladiyya, don haka naɗin Ashoka ya tabbata a wajen 268, mutuwarsa a wajen 232. A ganina, a duk tsohon tarihin Indiya babu isnadin da ya kai wannan inganci, domin shaidu biyu ne da ba su san juna ba suka haɗu a kan magana ɗaya.

Amma da zarar an taka baya daga Chandragupta sai ƙasa ta fara laushi. An san gidan Nanda ya riga shi a Magadha, an san Bimbisara da ɗansa Ajatashatru sun yi zamani da Buddha, sai dai shekarunsu a rataye suke da shekarar mutuwar Buddha, ita kuwa ruwayoyinta sun saɓa: littattafan Silan sun sa shekara 218 tsakaninta da naɗin Ashoka, wanda ke kai mu wajen 486, littattafan arewa sun ce shekara ɗari ce ko sama kaɗan, masana da yawa na zamanin nan kuma sun karkata ga wajen 400. Duk wanda ya motsa wannan shekara, ya motsa sarakunan Magadha na farko gaba ɗaya tare da ita.

Bayan da Pushyamitra Shunga ya kashe sarkin Maurya na ƙarshe a wajen 185 kafin Miladiyya, sai aka shiga shekaru ɗari biyar waɗanda littattafan makaranta kan tsallake da layi biyu, alhali kuwa a nan ne aikin tahƙiƙi ya fi ban sha'awa. Yunanawan Baktariya, da Shaka, da Pahlava, da Kushan sun shigo ta arewa maso yamma, wasu bayan wasu, wasu tare da wasu, kuma sarakunan Yunanawa fiye da talatin da suka yi mulki a can, mafi yawansu ba littafin da ya ambace su, tsabar kuɗinsu kaɗai ta tsira da sunansu. Masana suka lura cewa sarki in ya ci abokin gaba yakan buga hatiminsa bisa kuɗin wancan, to wanda hatiminsa ke sama shi ne na baya. A 1906 aka tono tarin kuɗin azurfa fiye da 13,000 a Jogalthembi kusa da Nashik, duka na sarki Nahapana, kuma fiye da kashi biyu cikin uku an sake buga su da sunan Gautamiputra Satakarni na Satavahana, wannan ya tabbatar da cewa su biyun sun yi zamani, ya kuma nuna wanda ya yi galaba. A gindin dutsen Girnar a Gujarat akwai falalen dutse ɗaya mai rubutun dauloli uku: umarnin Ashoka, da rubutun Rudradaman na shekara ta 150 Miladiyya wanda ya ba da labarin gyaran wani tafki da aka haƙa a zamanin Chandragupta Maurya aka kyautata a zamanin Ashoka, da na Skandagupta wanda ya sake gyara tafkin a wajen 456. Kanishka kuwa, babban sarkin Kushan, har taro aka yi a Landan a 1913, aka sake yi a 1960, a kan shekarar hawansa, ba a sami ijma'i ba. Sai da aka tsinci dutsen Rabatak a Afganistan a 1993, wanda ya jera magabatansa uku, sa'an nan Harry Falk ya fitar da 127 daga wani tsohon littafin taurari a 2001, kafin mafi yawan masana su bar 78 da aka daɗe ana koyarwa.

Tushen wannan wahala shi ne yawan kalandu. Akwai lissafin Vikrama da ya fara a 57 kafin Miladiyya, akwai na Shaka da ya fara a 78 bayanta, wanda gwamnatin Indiya ta ɗauka a matsayin kalandar ƙasa a 1957, akwai na Gupta, akwai na Harsha, ga kuma sarakunan da ba sa ƙirga kome sai shekarun mulkinsu. A nan ne mai kukan ya zama mai magani, domin al-Biruni ya ɗauki shekara ɗaya ya auna ta da kowane lissafi, ya nuna cewa 400 ta lissafin Farisawa na Yazdajirdu ita ce 1088 ta Vikrama, ita ce 953 ta Shaka, ita ce 712 ta Gupta, watau tsakanin Shaka da Gupta shekara 241 ce. An gaya masa cewa lissafin Gupta daga faɗuwar daular aka fara shi, ya ruwaito yadda ya ji. Sai a 1888 John Fleet, da taimakon wani rubutu na Mandasor da ya sa sarki Kumaragupta bisa gado a shekarar da ta yi daidai da 436, ya tabbatar cewa daga tasowarta ne, a 319 zuwa 320. Da haka Samudragupta, wanda aka zana yabonsa a jikin ginshiƙin Ashoka na Allahabad, da Chandragupta na biyu, da sauransu har zuwa rugujewar gidan a wajen 550 bayan hare-haren Huna, suka zauna a gurabensu. Lambar malamin Musulmi ta inganta, fassarar da aka ba shi ce ta ɓaci.

Daga ƙarni na bakwai haske ya ƙaru, amma wata illa ta dabam ta bayyana, wadda ba a cikin shekarun take ba, a cikin yadda ake jera su take. Harsha na Kanauj ya yi mulki daga 606 zuwa 647, ya yi zamani da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, da halifofi na farko, kuma ya yi sa'ar marubuta biyu, Bana mawaƙin fadarsa da Xuanzang matafiyin ƙasar Sin, shi ya sa aka ba shi babi guda a kowane littafi. Alhali kuwa a bangon wani ɗakin ibada a Aihole akwai rubutu mai shekara ta 556 ta Shaka, daidai da 634 zuwa 635, lokacin da Sayyidina Umar ya karɓi halifanci, wanda ya shaida cewa Pulakeshin na biyu, sarkin Chalukya na Dekan, ya kori Harsha ya tsare shi a kogin Narmada. Kuma shi Pulakeshin ɗin, Pallava na kudu suka ci birninsa a 642. Rubutun Aihole ɗin ne ma ya ambaci mawaƙi Kalidasa da suna, ya kafa iyakar da zamaninsa ba zai wuce ba. Manyan dauloli uku ke nan a lokaci ɗaya, jerin makaranta kuwa ɗaya ya sani.

Haka al'amarin ya ci gaba. Daga tsakiyar ƙarni na takwas Pratihara a arewa, da Pala a Bangal, da Rashtrakuta a Dekan suka yi kusan shekara ɗari biyu suna jayayya a kan Kanauj, kuma littafin Larabci na labaran Sin da Hindu da aka rubuta a 851 ya ƙirga sarkin Rashtrakuta, wanda Larabawa ke kira Balhara, cikin manyan sarakunan duniya huɗu, tare da halifa da sarkin Sin da na Rum. Shekarun wannan zamani daga allunan tagulla ake samunsu, waɗanda sarakuna ke rubuta kyautar ƙasa a kansu, su fara da salsalar gidansu, sau da yawa su ambaci husufin rana ko na wata da aka yi kyautar dominsa, abin da mai hisabi zai iya bincikawa. Duk da haka jerin bai rufu ba, gama a 1987 wani allo da aka tono a Jagjivanpur ya fito da sarkin Pala mai suna Mahendrapala, wanda a da ake jingina rubuce-rubucensa ga wani takwaransa na Pratihara. Chola na ƙasar Tamil sun fi kowa barin shaida, dubban rubutu a bangon ɗakunan ibada masu faɗin shekarar mulki da ranar mako da manzilin wata, waɗanda daga gare su Franz Kielhorn ya fitar da hawan Rajaraja a tsakiyar 985. Shi ya gina babban ɗakin ibada na Thanjavur da aka gama a 1010, ɗansa Rajendra kuma ya aika da jiragen yaƙi har Sumatara a 1025, kusan daidai lokacin da Mahmudu ke kan hanyar Somnath. Daga wajen 850 zuwa 1279 gidan Chola ya yi mulki, ya fi Maurya da Gupta daɗewa ko an haɗa su biyun, amma sau nawa ake ba shi matsayin da ake ba su?

Kashmir ce ta fitar da mai tarihi na gaske, Kalhana, wanda ya rubuta Rajatarangini tsakanin 1148 da 1150, ya ce ya duba littattafan magabata da rubutun kyautar sarakuna. Sassansa na farko hikaya ce, har akwai sarkin da ya ba shekara 300 bisa gado, amma daga ƙarni na tara ya shiga ba da shekara da wata da rana, kuma tsabar kuɗi ta gaskata shi.

Zuwan Musulmi ya kawo kalanda ɗaya, ta Hijira, da al'adar rubuta tarihi shekara bi shekara, da kuɗi mai ɗauke da shekara da sunan garin da aka buga shi. Don haka babu jayayya mai yawa a kan cin Sindh da Muhammadu ɗan Ƙasim ya yi a 711 zuwa 712, ko galabar Muhammadu Guri a Tarain a 1192, ko gidajen Delhi biyar: bayin Turkawa daga 1206, cikinsu har da Iltutmish wanda halifa al-Mustansir na Bagadaza ya aiko wa da alkyabba a 1229, da 'yarsa Raziyya wadda ta hau gado daga 1236 zuwa 1240; sa'an nan Khalji a 1290, Tugluk a 1320, Sayyid a 1414, Lodi a 1451. Sai dai ko a nan ba a rabu da bincike ba. Ziya'uddin Barani, wanda ya gama tarihinsa a 1357, ya rubuta ne da tsufa, daga abin da ya tuna, ya gabatar da wasu al'amura ya jinkirta wasu, har shekarun Muhammadu ɗan Tugluk suka rikice. Ana gyara shi da kuɗin tagullar da sarkin ya tilasta a karɓa a madadin azurfa, masu shekara 730 zuwa 732 ta Hijira, da kuma ruwayar Ibn Battuta, wanda ya iso kogin Indus ran ɗaya ga Muharram 734, watau 1333, ya yi shekaru yana alƙalin Malikiyya a Delhi. Wannan mashaidi namu ne mu ma, domin shi ne a 1353 ya sauka Takedda, yamma da Agadas, ya ce ana kai tagullarta Barno da wata ƙasa da malamai da yawa ke ɗauka Gobir ce.

Rabon da ya fi kowane ɓatar da ɗalibai shi ne na James Mill, wanda bai taɓa taka Indiya ba kuma bai san harshenta ko ɗaya ba, amma a littafinsa na 1817 ya kasa tarihinta uku, zamanin Hindu, da na Musulmi, da na Ingilishi. Shekarun da kansu sun ƙaryata shi. Musulmi suna mulkin Sindh kusan shekara 500 kafin a kafa sarautar Delhi, rundunar Delhi ba ta kai Madurai ba sai 1311, kuma kafin shekara arba'in ta cika kudu ta suɓuce, daular Bahmani ta Musulmi ta tashi a 1347, Vijayanagara ta masu bin addinin Hindu kuwa, wadda ake sa kafuwarta a 1336, ta riƙe kudu har yaƙin Talikota a 1565, tana ɗaukar mayaƙan Musulmi cikin rundunarta. A gabas mai nisa gidan Ahom na Assam ya yi mulki daga 1228 zuwa 1826, yana rubuta tarihinsa a littattafan da ake kira Buranji, ya kuma kori rundunar Mugal a Saraighat a 1671. Babur kansa, wanda ya kafa daular Mugal, bayan ya karya Ibrahim Lodi a Panipat a watan Afrilu na 1526, da ya zo bayanin ƙasar a littafin rayuwarsa, ya ƙirga manyan sarakuna bakwai da ya tarar, biyar Musulmi, watau na Delhi da Gujarat da Dekan da Malwa da Bangal, biyu kuma waɗanda ba Musulmi ba, Rana Sanga na Mewar da sarkin Vijayanagara, ya ce na Vijayanagara ne ya fi ɗan'uwansa faɗin ƙasa da yawan runduna.